Laraba Uku da Na Mayar da Matar Masunci

Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na rubuta ƙarya a littafin asibiti. Da wannan nake taƙama, kuma ba a ɓoye nake taƙamar ba. Shekara tara na riƙe wani ɗan asibiti a bakin kogin Kwara, can gaba da Illo, inda in ka miƙa kaɗan za ka shiga ƙasar Binin ba tare da ka ga alamar komai ba. A tsawon shekarun nan ba a taɓa kama ni na goge lamba ko na ƙara suna ba. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne littafina yana nan tsaf, babu ko ɗigon gyara a ciki, kuma ni ce na aikata shi.

Asibitin ɗaki uku ne da rumfar kwano. Mu biyu ne ke riƙe da shi, ni da wata tsohuwar ungozoma wadda rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo duniya. Dandanci ne harshenta na gida, Hausa kuma ta zauna mata daram. Ni haifaffiyar Bagudo ce, Dandancina bai wuce gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba, don haka ita ce bakina ita ce kunnena a wajen matan da ba su jin Hausa sosai. Inna nake ce mata. A gaban mutane Likita take kirana, in kuma ta ce “ɗiyata” to na san faɗa ne ke tafe.

Ba mu da firji a lokacin. Rigakafin yara sai Laraba, ranar da mai babur ke ɗauko mana kwalaben allura daga Bagudo a cikin akwatin ƙanƙara. Kafin azahar ƙanƙarar ta koma ruwa. Abin da ya rage a kwalbar da aka buɗe sai a zubar, a rubuta shi a gurbin wanda ya lalace. Uwar da ta zo ranar Alhamis da jaririnta sai dai ta yi haƙuri ta jira kwana shida, wata ta dawo, wata ba ka ƙara ganinta. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Allurar da ta fi ba mu aiki ita ce ta cinya, wadda ake fara wa jariri yana da mako shida, a yi masa sau uku, wata ɗaya tsakani. Ita ce ke tsare shi daga tarin shiƙa da wasu cututtuka. Ta farko tana fara ba shi kariya, ta uku ce ke cika ta.

Ana nan sai aka kawo wani shiri na gyaran aikin ƙananan asibitoci. Aka tara mu a Bagudo aka nuna mana tsani mai mataki biyar. Asibitin da ke mataki na ɗaya shi ne wanda komai a kan mai riƙe da shi yake, in ya yi zazzaɓi aiki ya kwanta. Na biyu yana da littafi, ana rubuta abin da aka yi. Na uku lambobinsa abin dogaro ne kuma yana cika abin da aka ɗora masa. Na huɗu da lambobin yake yanke shawara, na biyar kuwa shi ke gano kuskurensa da kansa ya gyara tun ba a zo an nuna masa ba. Aka duba mu aka ajiye ni a na biyu. Aka kuma ce duk wanda ya hau na uku cikin shekara za a kafa masa firji mai aiki da hasken rana.

Gaskiya shirin ya yi mana amfani, kuma ni ce kan gaba a masu sonsa. Kafin zuwansa ban san yawan jariran da ke ƙarƙashina ba, magani yakan lalace a kabad ban lura ba. Na koyi ja layi, na koyi ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita. Aka ba mu wata babbar takarda ta manna bango mai layi biyu masu hawa. Layin sama na jariran da aka fara wa allurar cinya ne, na ƙasa na waɗanda suka kai ta uku. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce yaran da suka fara ba su ƙarasa ba, waɗanda a fom ake kira “sun ɓace a hanya”. In tazarar ta yi faɗi, asibiti ba ya hawa mataki na uku ko da komai nasa ya yi kyau.

Tawa tazarar kuwa jaki zai wuce ta ciki da kayansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutanena kashi biyu ne, manoma da ke zaune a gari, da masunta da ke kafa bukkoki a tsibiran yashi. Masunci ba ya zama inda kifi ya tashi. In ruwa ya canza sai su kwashe tukwane da yara da kaji su zuba a jirgi su haura can cikin Binin, sai bayan watanni ka sake ganin hayaƙin bandarsu. Uwa za ta kawo jariri a fara masa a wajena, ta biyu da ta uku ko dai a yi su a tsallake, ko kuma ba a yi ba. Ko an yi, ba ya shiga littafina.

Kowane ƙarshen wata muna taro a Bagudo. Ana haska sunayen asibitoci a bango, kowanne da launinsa, kore ko rawaya ko ja. Abokan aikina na wajen Kende da Geza, waɗanda mutanensu manoma ne da ba su motsi daga gona, kullum a kore suke, suna zaune suna kaɗa ƙafa. Ni ja, wata bayan wata. Har wani abokin wasana a cikinsu ya riƙa kirana mai jan kallabi. Nakan yi dariya in rama, amma in na hau mota zuwa gida ba na iya cin abinci. Ni mace ce da ba ta son a nuna ta da yatsa a kan aiki.

Wata rana bayan taro na tsayar da mai duba aikinmu. Mutum ne natsattse, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ya zalunci kowa ba.

Na ce, “Yallaɓai, yaran nan ba ɓacewa sunka yi ba. Kogi sunka bi. Ni ba ni iya ɗaure jirgi.”

Ya ce, “Hajiya, na ji ki, kuma na san gaskiya kika hwaɗa. Amma fom ɗin ba shi da gurbin kogi. Ni ma lambar da kika ba ni ita nika turawa sama. Ki yi ƙoƙari dai ki matse tazarar.”

Na yi ƙoƙarin. Na hau jirgi sau biyu na bi su tsibiri, na tarar da toka da ƙashin kifi. Na roƙi limami ya yi magana ranar Juma’a. Layin ƙasa ya ɗan ɗaga, bai kai ko’ina ba.

Wata la’asar ina tsaye gaban takardar bangon da fensir a hannu sai abin ya faɗo mini, sarai kamar lissafin ’yan aji uku. Akwai hanya biyu ta haɗa layin nan. Ko na ƙasa ya hau, ko na sama ya sauko. Yaron da ba a fara masa ba, ba zai ɓace a hanya ba, don bai hau hanyar ba. Kuma adadin da aka ɗora mini na sababbin jarirai manoma kaɗai suna cika shi, tunda da aka yi ƙiyasin ba a sa mutanen tsibiri ba. Ban ji tsoro ba da tunanin ya zo. Daɗi na ji, irin na wanda ya samo makullin da ya ɓata.

Na ba kaina hujja mai kyau, kuma har yau ba zan ce duk ƙarya ba ce. Na ce wata shida ne kawai. In firji ya zo, kowace rana ta zama ranar rigakafi, masunta ma su ne za su fi kowa cin moriya. Na ce ba korar kowa zan yi ba, jinkirtawa ce. Daga nan duk matar da na ga zaninta da warin banda, ƙafarta da farin yashin tsibiri, in jaririnta sabo ne, sai in ce yau ta waɗanda suka riga suka fara ce, ta dawo Laraba mai zuwa. Da yawa ba su dawo ba. Ban ƙirga su ba, don babu gurbin rubuta wanda aka mayar.

Ɗaya ce ta dawo. Yarinya ce ƙarama, ba za ta wuce ashirin ba, doguwa, tafin hannunta ya yi kanta saboda tuƙin jirgi. Ita kaɗai take tuƙo kanta daga tsibiri da goyo a baya. Jaririyar mace ce, haihuwar fari, mai yawan suma kamar an ɗora mata hula. Ranar farko ta zauna a ƙarshen benci ta jira kowa ya gama. Na ce wa Inna ta gaya mata ta dawo. Inna ta dube ni, ta gaya mata. Yarinyar ta durƙusa ta yi godiya, ta kwance wani ƙulli ta ajiye mini bandar kifi guda biyu a bakin tebur. Na kai gida aka sa a miya.

Laraba ta biyu ta riga kowa zuwa. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tun ban buɗe ƙofa ba, tana ganin wancan karon latti ta yi. Na bar ta zaune har rana ta ɗaga, sannan na ce allurar sababbi ba ta iso ba. Inna ta fassara a gajarce, ba ta kalli kowa ba. Yarinyar ta ce da ’yar Hausarta, “To Likita. Wace rana?” Na ce Laraba. Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa, ta ajiye kifi ta tafi.

A Laraba ta uku ruwa ya riga ya fara canzawa, ana ta zancen mutanen tsibiri sun fara kwance bukkoki. Ta zo. Da azahar na gama da kowa, saura ita, kuma a kwalbar da ke hannuna akwai ragowar allura ta yara huɗu, wadda nan da awa guda zan zubar. Inna ta ja ni ɗakin ciki ta turo ƙofa.

Ta ce, “Ɗiyata, jibi za su tashi. Mijin yarinyar ga ya riga ya ɗora kaya. Ga magani nan hannunki za ki zubas. Yi mata.”

Na ce, “In na yi mata sai na rubuta ta, Inna. In na rubuta ta kuma ba ta dawowa.”

“To yi mata ki rubuta cikin wanda ya lalace. Wa zai sani?”

Nan raina ya ɓaci, kuma abin kunya, ɓacin ran mai ganin kansa da gaskiya ne. Na ce ana ƙirga sirinji, ana ƙirga kati, kuma ni tunda nake ban taɓa rubuta ƙarya a littafi ba, ba kuma yau zan fara ba. Inna ta daɗe tana kallona.

Ta ce, “Alƙalaminki ba ya ƙarya. To bakina ma yau ba shi yi. Ki hita ki gaya mata da kanki.”

Na fita na gaya mata da kaina. Na ce allura ta ƙare, in sun dawo daga tafiya ta kawo ta. Jaririyar tana farke, ta juyo da kai daga goyo tana bin bakina da kallo. Uwar ba ta yi gardama ba. Ta ce, “Allah bai yi ba.” Ta ajiye kifi. Na tsaya a taga ina kallonta har ta tura jirgi ta shiga ruwa, sannan na koma na zubar da ragowar, na rubuta huɗu a gurbin wanda ya lalace. Lambar daidai take, huɗu ne suka rage kuma huɗu na zubar.

Wata biyar bayan nan layukan biyu suka kusa taɓa juna. Sunana ya koma kore a bangon Bagudo. Aka tafa mini, abokin wasana ya ce jan kallabi ya tsufa. Aka sa na miƙe na bayyana wa sauran yadda na yi, na tsaya na yi zancen liman da bin gida gida. Babu wanda ya tambayi abin da ya sa layin sama ya sauko. Babu wanda ya buɗe littafina ya lura cewa a gurbin unguwa an daina ganin sunan tsibiri ko ɗaya. Da an buɗe, shafi biyu sun isa. Mun koyi tambayar ja dalilinsa, ba mu koyi tambayar kore ba, ni da su duka.

Firjin ya zo, fari, mai murfi a sama, aka kafa farantan rana a kan rufi. Mai gari ya zo ya taɓa shi ya sa albarka. Ya yi aikin da na ce zai yi, ba zan rage masa ba. Daga ranar na daina mayar da kowa, masunci ko manomi, Litinin ko Asabar. Na ɗauka zancen ya wuce ke nan. Inna kuwa tun daga waccan Larabar ba ta ƙara ce mini “ɗiyata” ba. Likita take kirana ko mu biyu ne a ɗaki, kuma na fi jin zafin wannan fiye da faɗanta.

Fiye da shekara ta wuce. Wata Talata da hantsi ina cika fom sai na ga inuwa a ƙofa. Ita ce, ta rame, da goyo a baya. Na ji daɗin ganinta, har na fara cewa ga mai suma an dawo. Ta juya don ta kwance zanin, sai na ga goyon ƙarami ne ƙwarai, bai fi wata biyu ba. Waccan da yanzu tana tafiya.

Na ce, “Ina babbar?”

Ta ce, “Ta koma.”

Inna ta fito ta zauna kusa da ita, suka yi magana da Dandanci, tana juya mini kaɗan kaɗan. Wata biyu da haurawarsu tari ya shiga sansanin masuntan. Jaririyar takan yi ta tari har ta shiɗe, fuskarta ta yi duhu, sannan ta ja numfashi da ƙara, ta amayar da nonon da ta sha. Ban buƙaci a gaya mini sunan ciwon ba. Sun kai ta wani asibiti a tsallake, ma’aikaciyar can ta nemi katin rigakafi, uwar ta ce ba ta da shi. Aka yi abin da za a iya. Kwana tara ta yi.

Sai yarinyar ta dube ni ta yi magana da Hausa, a hankali, don ta tabbata na ji.

“Likita, laihina na. Sau uku ina zuwa ban dace da ranakku ba. Uban ɗiya ya ce ban iya ƙirgan kwana ba. Yanzu na zo tun Talata. In gobe ta, ni kwana nan bakin ƙohwa. Ki hwaɗa mini ranar daidai, kar in kuskure ma wanga.”

Ta kwance ƙulli ta ajiye kifi biyu a bakin tebur, daidai inda ta saba ajiyewa.

Firjin yana bayana yana ɗan gunjinsa. Hanya mai sauƙi a buɗe take, in ce Allah ya jiƙanta, yanzu kowace rana ana yi, in yi wa jaririn allura ta tafi tana sa mini albarka. Babu littafin da zai ƙaryata ni. Waccan jaririyar ba ta da layi a ko’ina a asibitina, ba ta fara ba, ba ta ɓace a hanya ba. Amma uwar ta yi shekara tana kwana da tashi da cewa ita ta kashe ’yarta da rashin iya ƙirga, kuma haka za ta ci gaba in na yi shiru.

Na ce, “Inna, ki juya mata abin da za ni hwaɗi. Kar ki rage komi.”

Na ce ba ta yi kuskuren rana ba. Duk Larabar da ta zo ita ce ranar. Na ce akwai allura, ni ce na hana, saboda na san za su tashi, kuma tashinsu yana ɓata mini lissafin da ake duba aikina da shi. Na ce ban san ko allura ɗaya za ta hana abin da ya faru ba, wannan Allah ne masani, amma hakkinta ne a yi mata kuma na hana. Inna ta juya duka. Na ji ta yi tsawo fiye da yadda na yi.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dubi tebur, ta dubi firjin, ta dubi takardar bango da layukanta biyu da ba ta san ma’anarsu ba.

Ta ce, “Dut sau ukun?”

Na ce, “Duka.”

“Ranar da kinka ce ta ƙare?”

“Akwai. Na zubar bayan kin tahi.”

Ta sunkuyar da kai. Na zaci za ta tashi ta fita, kuma da ta yi ba zan ga laifinta ba. Sai ta ɗora jaririn a cinya, namiji ne, ta yaye masa zani, ta riƙe ƙafarsa da hannun nan mai kanta, ta kawar da fuskarta wajen ƙofa. Na buɗe firji na ɗauko kwalba. Na yi masa allurar. Yaron ya tsala ihu, ta rungume shi. Na rubuta shi a littafi, na cika gurbin farko, na rubuta kati na miƙa mata. Ba ta karɓa daga hannuna ba, sai da Inna ta amsa ta ba ta. Da ta miƙe ta goya shi, ta tsaya a bakin tebur, ta ɗauki kifinta biyu ta mayar cikin ƙulli. Ta yi wa Inna sallama ta fita.

A taron ƙarshen watan na nemi izini na miƙe na faɗi yadda na samu koren nan. Mai duba aikinmu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, “Ni ma na ga layin ya sauko, Hajiya. Na yi murna ban tambaya ba.” Aka ba ni takardar gargaɗi, na karɓa. Ba a ɗauke firjin ba. Sunana ya koma ja, kuma ya daɗe a can. Sai da aka ɗauki lokaci, bayan rubuce rubuce da yawa da mai duba aikinmu ya yi ta turawa sama, aka ƙara gurbi a fom na iyalan da ke tafiya, aka kuma fara duba ko wace unguwa ce ta daina bayyana a littafi. Na taɓa jin wani baƙo daga birni yana yaba mana a kan wannan gyara, yana cewa alamar aiki ya balaga ke nan. Ni dai na san abin da aka biya kafin a ja wannan ɗan layin a fom.

Wata ɗaya ya cika, ranar allurar yaron ta biyu ta zo. Na ware sirinji tun safe na ajiye. Duk jirgin da ya taɓa gaɓa sai na leƙa ta taga. Ba ta zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Tsoro ya kama ni cewa gaskiyar da na faɗa ta jawo wa wannan ma abin da ƙaryata ta jawo wa yayarsa. Na roƙi Inna ta bincika, tunda ba su tashi daga tsibiri ba tukuna.

Ranar kasuwar Illo Inna ta dawo da yamma ta same ni ina share rumfa. Ta zauna a benci ta cire takalmi.

Ta ce, “Na gan ta. Yaro na nan lahiya, ya yi ɓulɓul. An yi mashi ta biyu.”

Na ce, “Ina?”

“Tsallake. Can taka kai shi. Rabin yini taka tuƙi, ruwa na turo ta baya, ta wuce ƙohwag ga da sahe ta wuce ta da marece.” Ta ƙara da cewa, “Na ce mata nan ya hi kusa, kuma yanzu kullum ana yi. Ta ce ta sani.”

Na jingina tsintsiya a bango na zauna kusa da ita. Ta dafa gwiwata ta ce, “Haƙuri za ki yi, ɗiyata.” Ranar ce ta fara mayar mini da sunan, kuma ranar ce na yi kukan da ban yi ba tun Talatar nan.

A ƙarshen watan na zo layin yaron a littafi. Gurbin farko da hannuna a ciki, na biyu da na uku babu komai. Na san yana raye, na san inda ake masa allura, na san dalili. Fom ɗin lokacin abu ɗaya ya ba ni damar rubutawa, na kuma rubuta shi: ya ɓace a hanya, ɗaya. Har na bar asibitin, in na ga dogon jirgi da mace ita kaɗai tana tuƙi ya nufo gaɓarmu nakan ajiye abin da ke hannuna in tsaya a taga. Nata bai taɓa tsayawa ba.